Labarin John Charles, Ƙato Mai Kirki

Ya ku masu karatu, ku sani ƙarfi daban, mallakar zuciya daban, kuma da wuya su taru ga mutum guda. To, ga labarin wani da suka taru gare shi, ɗan tamaula ne mutumin ƙasar Wales, wadda take yamma da Ingila, sunansa John Charles.

An haife shi a Swansea, garin bakin teku, cikin shekarar 1931. Yana ɗan shekara 17 ƙungiyar Leeds ta Ingila ta ɗauke shi. Da farko a baya aka tsai da shi yana tare abokan karawa, daga bisani aka mai da shi gaba, aka iske ko'ina gwani ne. A kakar wasan 1953 zuwa 1954 ya jefa ƙwallo 42 a raga.

Da labarinsa ya bazu, sai ƙungiyar Juventus ta birnin Turin, can Italiya, ta taya shi a 1957, aka sallama a kan fam 65,000, kuɗin da ba a taɓa biyan irinsa ba a kan ɗan wasan Birtaniya. Cinikin kuwa ya yi riba. Kakarsa ta fari ya ci ƙwallo 28, ya fi kowa a ƙasar, kuma tare da shi Juventus ta zama zakarar Italiya sau uku, watau 1958 da 1960 da 1961.

Amma abin da ya fi wannan girma shi ne halinsa. Dogo ne kakkaura, da ya so ramuwa ba mai iya tsaya masa. Ana yi masa ƙafa, ana zungurinsa da gwiwar hannu, ya tashi ya kakkaɓe jiki ya ci gaba. Duk tsawon wasansa alƙali bai taɓa rubuta sunansa don laifi ba, balle ya kore shi daga fili. Saboda haka mutanen Italiya suka yi masa laƙabi da harshensu, ma'anarsa Ƙato Mai Kirki.

Haƙurin nan bai hana masa hasara ba. A gasar duniya ta 1958 a Suwidin, 'yan wasan Hangari suka yi ta shurinsa har suka ji masa rauni. Wales ta ci su biyu da ɗaya, amma raunin ya hana shi karawa da Birazil. Rannan wani yaro ɗan shekara 17, Pele, ya jefa ƙwallo guda, aka fid da Wales.

Ya bar Juventus a 1962, ya rasu a 2004. Kafin rasuwarsa, a 1997, magoya bayan ƙungiyar suka zaɓe shi da cewa shi ne mafificin baƙon da ya taɓa yi musu wasa, alhali ya yi shekara 35 da barinsu. Hali zanen dutse. Tamat.