Ruwan da ke Cikin Katako: Abin da Masassaƙi ya Sani, Abin da Inji ya Canza

Akwai wani abu da ke faruwa a gidaje da makarantu da yawa a ƙasar Hausa kowace shekara. Idan damina ta yi nisa, sai ƙofar katako ta kumbura ta ƙi rufuwa, har sai an sa mata kafaɗa. Da hunturu ya kama, sai wannan ƙofa ta tsuke, iska ta riƙa shigowa ta gefenta, teburin da aka saya da tsada kuma ya tsage daga tsakiya. Galibi akan ɗora wa kafinta laifi, alhali kuwa tushen al'amarin yana cikin jikin itacen kansa. Wanda ya fahimci yadda aka gina jikin itace, ya fahimci dalilin da ya sa masassaƙa ke zaɓen wata bishiya su bar wata, da kuma dalilin da ya sa aka ƙirƙiro yawancin injunan sarrafa katako.

Yadda Jikin Itace Yake

A shekarar 1665 wani masani ɗan Ingila, Robert Hooke, ya yanki ɓawon wata bishiya siriri, ya duba shi da madubin ƙara girman abubuwa, ya ga ƙananan ɗakuna jere kamar saƙar zuma. Waɗannan su ne ƙwayoyin halitta. Katako ba wani abu ba ne illa tarin irin waɗannan ɗakuna, waɗanda yawancinsu dogaye ne kamar bututu, suna kwance bisa tsawon bishiya, suna kai ruwa daga saiwa zuwa ganye. Bangon kowane bututu an gina shi da wasu zaruruwa masu ƙarfi da ake kira selulos, wanda ya kai kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na busasshen itace. Akwai kuma wani sinadari mai suna lignin, kimanin kashi 20 zuwa 30 cikin 100, wanda ke manne zaruruwan kamar yadda laka ke riƙe ramno a jikin tubali. Shi ya sa gatari ke faskara icce cikin sauƙi idan an bi tsawonsa, amma sai an sha wuya idan an sare shi a gicciye.

Ɗanyen itace yana riƙe ruwa a wurare biyu: cikin ramin bututun, da kuma cikin bangonsa. Idan an sare bishiya, ruwan ramin ne ke fara fita, kuma fitarsa ba ta rage girman katako. Sai lokacin da damshin ya sauko kusan kashi 30 cikin 100 ne bango ke fara sakin nasa ruwan, daga nan katako ya fara tsukewa. Tsukewar kuwa ba daidai take a kowane ɓangare ba. A tsawo ba ta taka kara ta karya ba, amma a faɗi tana da yawa, kuma wadda ke bin zagayen gungume ta kusa ninka wadda ke tafiya daga tsakiya zuwa ɓawo. Wannan rashin daidaito ne ke sa allo ya lanƙwashe ko ya tsage.

Ko bayan ya bushe, katako bai daina mu'amala da iska ba. Idan damshin iska ya kai kashi 80 cikin 100, kamar yadda yake yi da damina, katako kan riƙe ruwa kusan kashi 16. Idan ya faɗo kashi 20, kamar a hunturun Kano ko Damagaram, ruwan katako kan koma ƙasa da kashi 5. To, idan aka ɗauko katako daga dazuzzukan kudu bai gama bushewa ba, aka haɗa tebur da shi a watan Agusta, ba abin mamaki ba ne ya tsage a watan Janairu.

Ilmin Masassaƙa

Tun kafin a san sunan lignin, masassaƙan ƙasar Hausa sun san halin itatuwa ta hanyar gwaji. Sun san ƙirya ce ta turmi da taɓarya, saboda nauyinta da taurinta. Sun san tsakiyar itace, wato ɓangaren nan mai duhu, ta fi farin gefe ƙarko. Dalili shi ne, idan ƙwayoyin tsakiya suka daina aiki, bishiya kan cusa musu wasu sinadarai da gara da funfuna ba sa so. Magina kuma sun zaɓi giginya domin azara. Giginya ba ta yin katako irin na maɗaci, domin ita dangin dabino ce: cikinta da taushi, ƙarfinta yana gefe inda baƙaƙen zaruruwa suka cunkushe. Shi ya sa ake tsaga ta a yi amfani da gefen, kuma azarar kan daɗe a rufin soro gara ba ta ci ta ba.

Sai dai aikin gizago yana da iyaka. Kujera ko akushi daga gungume guda ake sassaƙa su, yawancin itacen ya tafi a ɓarɓashi, kuma ba a samun guda biyu da suka yi daidai da juna.

Tururi da Gam

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wani kafinta Bajamushe da ya zauna a ƙasar Ostiriya, Michael Thonet, ya nuna cewa busasshe ma yana tanƙwaruwa idan aka dafa shi da tururi. Zafi da damshi suna tausasa lignin, sai a lanƙwasa sandar a jikin ƙarfe, a bar ta ta bushe a haka. A shekarar 1859 ya fito da wata kujera da aka sani da Lamba 14. Sassa shida na itace gare ta, ana haɗa su da ƙusoshi masu murɗi guda goma da noti biyu. Idan aka warware ta, kujeru 36 na shiga akwatin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa mita guda ne. Kafin shekarar 1930 an sayar da kimanin miliyan 50. Darasin da masu ƙira suka ɗauka shi ne a tsara kaya tun daga farko yadda ma'aikata za ta iya maimaita su, jirgi kuma ya iya ɗaukarsu da yawa.

Dabara ta biyu ita ce katako mai falle-falle. Akan jiƙa gungume, a juya shi a gaban doguwar wuƙa ana fere shi kamar ana warware tabarma. Sai a jera fallayen uku ko biyar ko bakwai, kowane a gicciye da na ƙarƙashinsa, a manne su da gam a matse. Da yake itace ba ya tsukewa a tsawo, kowane falle yana hana maƙwabcinsa motsi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an kafa babbar ma'aikatar irin wannan katako a garin Sapele, wadda a zamaninta take cikin mafi girma a Afirka. Ga kuma ɗakunan busar da katako, inda ake daidaita zafi da damshi a gama cikin makonni aikin da iska kan ɗauki watanni. A yau har akwai injunan da kwamfuta ke sarrafawa, suna sassaƙa ƙofofi ɗari iri ɗaya.

Inda Gizo ke Saƙa

Inji ya hanzarta sara, amma bai hanzarta girman bishiya ba. Zarto mai inji, wanda Andreas Stihl na Jamus ya fara ƙera irinsa mai lantarki a 1926, yana kayar da bishiyar da ta shekara hamsin cikin 'yan mintoci. Madobiya, wadda masana ke kira Pterocarpus erinaceus, ta ga illar wannan. Bishiya ce mai jinkirin girma, makiyaya suna ciyar da dabbobi da ganyenta da rani, saiwarta kuma tana ƙara wa ƙasa taki. Da kasuwar kujerun alfarma ta ƙasar Sin ta buɗe mata, sai aka riƙa kwasar gumagumanta daga jihohi irin su Taraba da Adamawa, har Nijeriya ta shiga sahun gaba wajen fitar da ita. A 2016 taron yarjejeniyar CITES, mai lura da cinikin halittun da ke fuskantar ƙarewa, ya sa ta cikin waɗanda sai da izini ake fitarwa, a 2018 kuma aka nemi ƙasashe su dakatar da sayenta daga Nijeriya. A 2022 aka ƙara maɗaci da kawo cikin jerin masu buƙatar izini.

Nan ne ilmin ruwan katako ya haɗu da batun kare daji. Teburin da aka yi da busasshen katako yana iya kai jika, wanda aka yi da ɗanye kuwa bayan hunturu biyu sai an sake sare wata bishiya.

Gwaji Domin Ɗalibai

Malami zai iya nuna wannan a ɗakin gwaji. A samo guntun katako daga wurin kafinta, a auna nauyinsa da faɗinsa. A sa shi cikin tanda mai zafin digiri 103, ana fito da shi ana aunawa har nauyin ya daina raguwa. A ɗebe nauyin ƙarshe daga na farko, a raba abin da ya rage da nauyin ƙarshe, a ninka da 100. Wannan shi ne damshin katakon. Idan guntu mai giram 130 ya koma giram 100, damshinsa kashi 30 ne, kuma bai isa a yi tebur da shi ba. A maimaita gwajin da damina da kuma hunturu, a kwatanta sakamakon, sannan a kai wa kafintan da ya ba da guntun.