Mai Nemo Izinin Waƙa

Tun 1942 gidan rediyon BBC ke gabatar da shirin Desert Island Discs, inda baƙo ke zaɓar waƙoƙi takwas yana ba da labarin rayuwarsa. Wanda ya sauke shirin a waya a matsayin podkas zai ji an taƙaita waƙoƙin, ba kamar yadda suka fita a rediyo ba. Haƙƙin mallaka ne ya jawo haka. Izinin watsa waƙa ta iska daban yake da izinin ba mutum kwafi ya ajiye ya ji duk lokacin da ya ga dama. Idan BBC da girmanta sai ta sa almakashi, ina ga matashi mai makirufo ɗaya a ɗakinsa?

A nan ne mai nemo izinin waƙa ke samun abincinsa, kuma a Amurka da Ingila sana'a ce mai zaman kanta. Aikin da lissafi yake farawa. Zai zauna ya saurari shirin kaf, yana rubuta wace waƙa ta shigo, a wane minti, daƙiƙa nawa ta yi, ita kaɗai ce ko ana magana a kanta. Sannan ya tambayi mai shirin: shekara nawa kake so, a waɗanne ƙasashe, akwai talla a ciki? Kowace amsa tana taɓa farashi.

Daga nan sai cigiyar masu ita, wadda ita ce wahalar sana'ar. Kowace waƙa haƙƙi biyu gare ta: na wanda ya tsara baiti da kari, da na wanda ya mallaki muryar da aka naɗa, galibi kamfanin faifai. Dole a samu duka biyun. Waƙa guda tana iya zama ta mutum biyar, kowa da kamfanin da ke kula da kasonsa, kuma mai ƙaramin kaso in ya ƙi, magana ta mutu. Mai nemo izini zai duba rumbun Songview, wanda ƙungiyoyin ASCAP da BMI suka haɗa, ya ga wa ke da nawa, ya aika wasiƙu, ya jira makonni. Sau da yawa ɓangare guda zai gindaya sharaɗin cewa duk abin da aka ba ɗayan shi ma a ba shi, don haka in ka ƙara wa kamfanin faifai, ka ƙara wa marubuci ke nan. Lasisin ASCAP ko BMI, da wasu ke zaton ya wadatar, izinin jiyar da jama'a ne kawai, bai ba ka damar yin kwafi ba.

Akwai maganar da ke yawo cewa daƙiƙa 30 ba laifi. Babu dokar da ta ce haka. A Amurka kotu na iya yanke diyyar da ta kai dala 150,000 kan waƙa ɗaya idan da gangan aka yi, kuma a 2018 kamfanin Universal Music ya maka masu PokerNews a kotu saboda waƙoƙin da suka sa a podkas ɗinsu. Shi ya sa mai gaskiya a sana'ar yakan ce wa ƙaramin mai shiri ya haƙura da fitacciyar waƙa, ya biya kuɗin wata a rumbu irin Epidemic Sound, ko ya sa makaɗi ya tsara masa nasa kiɗan, kamar yadda Nick Thorburn ya yi wa shirin Serial a 2014.

A Najeriya ma doka tana nan. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, tana kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, kuma ƙungiyar MCSN na karɓar kuɗi a madadin mambobinta. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, ke nan waƙoƙinsa na da kariya har ƙarshen 2069. Yana min ciwo in ji an buɗe shiri da muryarsa, an ce Allah ya jiƙansa, an shiga talla, magadansa ba su ga ko sisi ba. Addu'ar tana da kyau, amma ba ta sauke haƙƙi.

Wanda zai riƙi sana'ar nan a Arewa kwamfuta kaɗai ba za ta ishe shi ba. Waƙoƙi da dama a situdiyon Kano an yi su ne da yarjejeniyar baka tsakanin mawaƙi da mai kiɗan fiyano da furodusan fim, kowa yana ganin tasa ce. Sai ya taka ya je wurin kowannensu, in tsohuwar waƙa ce ya yi sallama a gidan marigayi, ya gaida manya, ya gano wa magada suka wakilta, sannan a rubuta takarda mai sunan waƙa da shiri da wa'adi da kuɗi, a sa hannu gaban shaidu.