Tafkin Tiga da Dajin Falgore: Ruwa da Namun Dawa a Kudancin Kano

Tafkin Tiga shi ne ruwa mafi girma a Jihar Kano. Ya samu ne bayan da aka datse Kogin Kano a zamanin Gwamna Audu Baƙo, aikin da aka fara a 1971 aka kammala a 1974. Madatsar tana ƙaramar hukumar Bebeji, amma ruwan ya malala har gefen Rurum a ƙasar Rano. An gina ta domin noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure, sai ga shi ta zama wurin sana'a da shaƙatawa ga mutanen Rano da Kibiya da maƙwabtansu.

Masunta su ne suka fi kowa sanin tafkin. Da asuba suke tura kwale-kwale su duba tarun da suka kafa da yamma, wasu su jefa birgi a bakin gaɓa, wasu su ɗaga mali. Abin da aka fi kamawa shi ne karfasa da tarwaɗa da ragon ruwa. Kafin hantsi 'yan sari sun kwashe na kwashewa zuwa kasuwanni, mata kuma su soya ko su banda sauran. Haka ake yi a Ruwan Kanya, ƙaramin tafkin da ke samun ruwa daga Tiga.

Masu yawon buɗe ido sun fi zuwa lokacin Sallah da hutun makaranta. Matasa kan hau duwatsun Rurum su hango shimfiɗar ruwan, ɗalibai su zo ziyarar ilimi, iyalai su baza tabarma a inuwa su ci soyayyen kifi. A bakin ruwa ana ganin zalɓe da balbela da kirinjijiya, da damina kuma shamuwa ta sauka.

Kudu da tafkin akwai Dajin Falgore, wanda ya ratsa ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. Turawan mulkin mallaka ne suka fara keɓe shi da sunan Kogin Kano, daga baya aka mai da shi gandun namun daji. Itatuwansa sun haɗa da doka da maje da kaɗanya da marke. An san shi da gwanki da gada da mugun dawa da birai, ga zabin daji da fakara. Amfaninsa bai tsaya ga dabbobi ba: saiwoyin itatuwan ne ke riƙe ƙasa, su rage yashi da laka da kogin ke kwasowa zuwa cikin tafkin.

Dabbobin sun ragu ƙwarai. Farautar rani da karnuka da bindigogi, sare itace domin gawayi, cinna wa daji wuta da yawan kiwo duk sun taka rawa, sannan ɓarayin shanu sun taɓa mai da dajin maɓoya, abin da ya kori baƙi. A 2020 Gwamnatin Tarayya ta sanya Falgore cikin sababbin gandayen ƙasa 10 da ta amince da su. Ɗorewar kifin Tiga da noman ranin Kadawa ta dogara ne ga yadda aka kare wannan daji.