Lambobin Yaƙin Mazan Jiya: Gaskiya ko Jita-jita?

A gidaje da dama a Kano, Zariya, Kumasi da Tamale, har yau ana ajiye da lambobin yabon kakannin da suka je Yaƙin Duniya na Biyu. Dubban 'yan Afirka ta Yamma sun yi yaƙi ƙarƙashin tutar Ingila, a Somaliya da Habasha a 1941, sannan a dazukan Burma a 1944 da 1945 cikin runduna ta 81 da ta 82. Sunan barikin Dalet na Kaduna da na Chindit a Zariya duk daga yaƙin Burma suka samo asali. Yanzu tara irin waɗannan lambobi ya zama babbar kasuwa a Turai da Amurka, kuma inda kuɗi ya shiga, magana takan yi yawa. Bari mu tace wasu daga ciki.

"Da zinare aka yi su"

Jita-jita ce. Tauraruwar Burma mai tsini shida, da ta Afirka, da ta 1939 zuwa 1945, duk da haɗin tagulla da tutiya aka buga su, shi ya sa suke da launin rawaya mai ruɗar ido. Wadda take azurfa ta gaske ita ce zagayayyar lambar Yaƙin Duniya na Ɗaya mai hoton Sarki Joji na Biyar, amma ita ma an raba fiye da miliyan 6.

"Duk tsohuwar lamba dukiya ce"

Ba haka ba ne. Tsufa kaɗai ba ya sa lamba tsada. Masu tarawa suna duba ƙarancinta, da dalilin bayar da ita, da wanda aka ba. Victoria Cross, babbar lambar jarumta ta Ingila, sau 1,358 kawai aka bayar da ita tun kafa ta a 1856. Lambobin Noel Chavasse, likitan sojan da ya same ta sau biyu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, an saye su kan kusan fam miliyan ɗaya da rabi a 2009. Amma taurarin yaƙi da aka ba duk wanda ya yi aiki a fagen daga, an raba su ga dubban ɗaruruwan sojoji, don haka kuɗinsu a gwanjo bai taka kara ya karya ba. Duk dillalin da ya ce maka tauraruwa ɗaya za ta gina gida, akwai lauje cikin naɗi.

"Wadda ba ta da suna jabu ce"

Wannan ce jita-jitar da ta fi cutar da iyalai. A Yaƙi na Ɗaya, Ingila ta buga lambar soja da muƙami da suna da rundunar kowane mutum a gefen lambarsa ko a bayanta. A Yaƙi na Biyu kuwa ta raba taurari da lambobin halartar yaƙi babu suna, sai ƙasashe irin su Ostareliya da Afirka ta Kudu da Indiya ne suka rubuta wa nasu. Wasu daga cikin lambobin jarumta ne aka ci gaba da sa wa suna. Saboda haka tauraruwa mai bayan da babu rubutu tana iya zama ta asali sarai.

Abin da wannan ke nufi shi ne, lambar ita kaɗai ba za ta faɗi mai ita ba. Takardar sallama daga soja, da littafin albashi, da hoton mutumin cikin kaki su ne shaidunta. Ranar da aka raba ta da su, ta koma ɗaya cikin dubbai, ba wanda zai san ko mai ita ya ratsa kwarin Kaladan na Burma da kaya a ka, ko yana cikin waɗanda suka shiga Myohaung a Janairun 1945.

"Da igwar Rasha ake ƙera Victoria Cross"

An daɗe ana cewa daga igwogin Rasha da aka ƙwace a Sebastopol lokacin Yaƙin Kirimiya ake yanko ƙarfenta. Binciken da aka yi wa ƙarfen ya nuna cewa wanda aka fi amfani da shi tun 1914 daga igwogin ƙirar Sin ya fito. Daga igwa dai gaskiya ne, amma ba ta Rasha ba.

"Iron Cross lambar Hitila ce"

Wannan lambar Jamus ta girme shi nesa ba kusa ba. Sarkin Prussia ne ya kafa ta a 1813, lokacin yaƙi da Napoleon. Hitila dai ya ɗora mata tambarin Nazi a 1939. Tarihin soja ya rubuta cewa Samanja Chari Maigumeri, wanda barikin Lokoja ke ɗauke da sunansa, ya same ta yana sojan Jamus a Kamaru a Yaƙi na Ɗaya, kafin ya koma rundunar Najeriya ya yi yaƙi a Habasha da Burma. Mai son saye ya yi hattara, domin kayan zamanin Nazi suna cikin waɗanda aka fi buga wa jabu.

"A goge ta yi ƙyalli, darajarta ta ƙaru"

Akasin haka ne. Guga da toka ko man goge ƙarfe na cinye zane da rubutun suna. Masu tarawa sun fi son lamba da duhunta na shekaru da tsohon ƙyallenta ko da ya koɗe. Busasshen tsumma mai laushi da wurin da babu danshi sun isa.

"Tsohon gurneti ya riga ya mutu"

Wannan ba batun lamba ba ne, amma ƙarya ce mai kisa. Sama da shekara 100 bayan Yaƙi na Ɗaya, manoma a Faransa da Beljiyam na ci gaba da tono bama-bamai a gonakinsu, kuma wasu na fashewa. Tsatsa ƙara musu haɗari take yi. Wanda ya tsinci irin wannan kada ya taɓa, ya sanar da jami'an tsaro.

Idan akwai lambar yaƙi a gidanku, aikin gaggawa ba neman farashi ba ne. A je wurin dattawan da suka san mai ita tun suna da rai, a rubuta cikakken sunansa, da garinsu, da lambarsa ta soja, da inda ya yi yaƙi. A ɗauki hoton takardunsa, a haɗa komai wuri ɗaya, kada a raba wa magada ɗai-ɗai. Littattafan yaƙin da Turawa suka rubuta ba su ambaci yawancin waɗannan mazaje da suna ba. Idan zuriyarsu ba ta adana sunayen ba, babu mai yi.