Ko Ka Sani? Na'urar da Ke Neman Alamar Ciwon Damuwa a Cikin Ido

Ciwon damuwa, wato yanayin da baƙin ciki da mutuwar jiki da rashin jin daɗin komai ke danne mutum har tsawon mako biyu ko fiye, yana cikin cututtukan da har yanzu ba su da gwajin jini ko hoton da zai tabbatar da su, duk da cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu fama da shi da kimanin mutum miliyan 280 a bayanin da ta fitar a 2023. Likita tambaya yake yi, ya auna amsar. Wannan giɓi ne ya karkato da hankalin masu bincike zuwa ga ido, domin tantanin da ke shimfiɗe a bayansa, wanda ake kira ratina, daga ƙwaƙwalwa yake tsirowa tun jariri yana cikin mahaifa, don haka shi ne sashen ƙwaƙwalwa da ake iya leƙawa ba tare da an yanka kowa ba.

Na'urar da ta fi yin suna a wannan fage ita ce elektororatinogiram, mai auna ɗan lantarkin da ratina ke fitarwa idan haske ya sauka a kanta. Ana zaunar da mutum gaban allo mai nuna murabba'ai baƙaƙe da farare a jere kamar saƙar tabarma, waɗanda ke ta musayar wuri da sauri, sannan a kwantar da wani siririn zare mai ɗaukar lantarki a gefen fatar ido ta ƙasa, shi kuma ya kai wa kwamfuta saƙon da ƙarfinsa bai wuce 'yan ɗigo cikin miliyan na bolt ɗaya ba. A 2010, Emanuel Bubl da abokan aikinsa a Jami'ar Freiburg ta Jamus suka gwada mutum 40 masu ciwon damuwa da 40 masu lafiya, suka tarar ratinar marasa lafiyar tana mayar da martani mai rauni ga bambancin baƙi da fari, ko suna shan magani ko ba sa sha. Bayan shekara biyu kuma suka ba da rahoton cewa martanin yana farfaɗowa ga waɗanda suka sami sauƙi. Ana danganta hakan da sinadarin dofamin, wanda ƙwayoyin jijiya ke aika saƙo da shi a ƙwaƙwalwa da ratina baki ɗaya.

Hanya ta biyu ta fi sauƙi, domin kyamara kawai take buƙata, wadda ke auna buɗewa da tsukewar ɗigon nan na tsakiyar baƙin ido inda haske ke shiga. Ɗigon yana faɗaɗa idan mutum yana ɗokin samun wani abu, kuma masu bincike a Cibiyar Max Planck da ke Munik sun nuna a 2020 cewa gwargwadon tsananin ciwon, gwargwadon ƙarancin faɗaɗawar yayin da mutum ke jiran ladan kuɗi a wani ɗan wasa.

Amfanin irin wannan awo ga al'umma irin ta Wurma, a Ƙaramar Hukumar Kurfi kusa da Dutsin-Ma, ba ɓoyayye ba ne. Gari ne da 'yan bindiga suka afka wa a watan Agustan 2019 suka sace mutane da dama, kuma rashin 'yan uwa da zaman zullumi da ƙaurace wa gona suna cikin abubuwan da aka sani suna haddasa ciwon. Mai fama da shi a irin wannan wuri ba kasafai yake cewa yana cikin damuwa ba, sai dai ya ce kansa na zafi, barci ya ƙaurace masa, ko wani abu na yawo a jikinsa, a yi ta ba shi maganin maleriya da taifot, na kusa da shi kuma su ce ya rage tunani ya ƙara haƙuri. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga jama'a sama da miliyan 200, manyan asibitocin fannin kuma suna nesa, irin na Barnawa a Kaduna da na Kware a Jihar Sakkwato. Duk wata shaida da ke nuna cewa ciwon yana barin sawu a jiki, har na'ura ta iya auna shi, tana rage nauyin zargin raunin imani da ake ɗora wa mara lafiya, kuma wannan kaɗai babban alheri ne.

Sai dai ba a kai ga amfani da waɗannan hanyoyin awo wajen tantance ciwon a asibiti ba. Bambancin da ake gani na tsaka-tsakin rukuni ne, ta yadda awon mai lafiya da na mara lafiya kan iya zuwa ɗaya, wasu binciken da suka biyo bayan na Freiburg ma ba su sami bambancin ba. Ga kuma abubuwan da ke rikita sakamako, waɗanda suka yawaita a ƙasar Hausa: yanar ido tana dusashe hasken da ke isa ratina, ciwon suga da hawan jinin ido suna lalata jijiyoyinta, tsufa da magunguna irin su kodin suna tsuke ɗigon ido. Akasarin waɗanda aka auna zuwa yanzu mazauna Turai da Amurka da gabashin Asiya ne, saboda haka kafin na'urar ta yi wa mutumin Kurfi amfani sai an fara auna idanun masu lafiya na yankin, a san ma'aunin da za a kwatanta da shi, aikin da sai likitocin ido da na ƙwaƙwalwa sun haɗa hannu zai yiwu.