Dogayen ARN marasa furotin da yaɗuwar sankara: darasin MALAT1

1. Gabatarwa

Ƙasa da kashi 2 cikin 100 na ADN ɗin ɗan Adam ne ke ɗauke da umarnin haɗa furotin, amma tantanin halitta yana kwafar babban yanki na sauran zuwa ARN. Duk wanda tsawonsa ya wuce nukiliyotid 200, kuma ba a fassara shi zuwa furotin, shi muke kira dogon ARN maras furotin. Galibin masu mutuwa da sankara, yaɗuwar ƙari zuwa wasu gaɓoɓi ce ke kashe su. Don haka tambayarmu ita ce: idan aka tarar da irin wannan ARN da yawa cikin ƙarin da ya yaɗu, shi ne sanadi, ko kuwa alama ce kawai?

2. Yadda suke aiki

Misalin da aka fi sani shi ne HOTAIR, wanda John Rinn da Howard Chang suka bayyana a Jami'ar Stanford ta Amurka a 2007. Yana fitowa daga kuromozom na 12, ya manne wa wani gungun furotin mai suna PRC2, wanda aikinsa shi ne rufe bakin ƙwayoyin gado. A 2010 aka nuna cewa idan HOTAIR ya yawaita a sankarar mama, PRC2 yakan sauya wuraren da yake sauka, ƙwayoyin gadon da ke tare yaɗuwa su yi shiru, ƙari ya samu hanya.

3. Batun MALAT1

An gano MALAT1 a Jamus a 2003, cikin sankarar huhun da daga bisani ta yaɗu. Amma a 2012 aka samar da ɓerayen da ba su da shi, suka kuma girma lafiya. A 2016 tawagar David Spector ta nuna cewa rage shi yana rage yaɗuwar sankarar mama zuwa huhun ɓera. A 2018 kuwa tawagar Li Ma, a cibiyar MD Anderson, ta samu akasin haka a irin wannan sankara: da suka hana kwafarsa yaɗuwa ta ƙaru, da suka mayar da shi ta ragu.

Ɗaya daga cikin bayanan da ake bayarwa shi ne bambancin dabara. Yanke wani yanki na ADN yana iya taɓa ƙwayoyin gado na maƙwabta, har a ɗora wa ARN laifin da ba nasa ba. Wanda aka tarar a wurin gobara, mai yiwuwa shi ya kunna ta, mai yiwuwa kuma ruwa ya kawo.

4. Kammalawa

A matsayin alama, amfanin waɗannan ARN ya tabbata: a 2012 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da awon PCA3 cikin fitsari, don taimaka wa likita ya yanke shawarar sake ɗibar tsokar ƙari daga mafitsarar maza, wato furostat. A matsayin abin da magani zai kai wa hari kuwa, da sauran aiki, domin rage ARN ɗin da ke tare yaɗuwa zai cutar da majiyyaci ne. Saboda haka muna ba ɗalibanmu shawara, duk sakamakon da suka karanta, su tambaya: ta wace hanya aka cire ARN ɗin, kuma an mayar da shi an ga abin da ya biyo baya?