Takardun Gona da na Ƙungiya: Wane Ofis Ke Riƙe da Su, Kuma Yaya Za Ka Same Su?

'Yan'uwa manoma na Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. Yau maganar takarda za mu yi, domin a yawon da nake yi ƙauye-ƙauye na lura takarda tana jawo wa manomi asarar da ko tsutsa ba ta jawo masa.

Bara wata ƙungiyar masu noman riɗi da nake zagayawa wajensu ta samu damar shiga wani shirin bashin kayan noma. Sharaɗin farko shi ne su kawo satifiket ɗin rajistar ƙungiya. Sakatare ya jawo kwalin da ya ajiye a ƙarƙashin gado, sai ga shi gara ta riga shi. Babu wanda ya riƙe lambar rajistar, shekarar da aka yi ma sai da aka yi gardama a kanta. Kafin a lalubo fayil ɗinsu an rufe karɓar suna, mutum ashirin da wani abu suka tashi a tutar babu. Da wani cikinsu ya rubuta lambar nan ko a bangon ɗaki ne, da aikin yini ɗaya ne.

Kowace takarda tana da 'yar'uwa a ofis

Abin da nake so ka riƙe shi ne wannan: duk takardar hukuma ta gaskiya tana da gida biyu. Ɗaya tana hannunka, ɗaya tana cikin littafin rajista ko fayil na ofishin da ya bayar. Abin da ya haɗa su kuwa lamba ce da kwanan wata. Ta hannunka tana iya ƙonewa ko ta jiƙe, amma muddin ka san lambar da ofishin, za ka iya neman kwafi. Wadda ba ta da lamba, ba a kuma shigar da ita littafin kowa ba, ranar da ta ɓata shi ke nan, sai dai shaidu, su ma idan suna raye.

Saboda haka aikinka biyu ne. Ka san wane ofis ne ke riƙe da wane irin bayani, sannan ka je ka tabbatar sunanka yana cikin littafin tun kafin buƙata ta taso.

Takardar gona

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna. Filin da ke cikin yankin da gwamna ya ayyana a matsayin birni, jiha ce ke kula da shi, kuma takardarsa, wadda ake kira C of O, daga ma'aikatar filaye ta Dutse take fitowa. Gonakin karkara kuwa, dokar ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar mallaka irin ta gargajiya, har zuwa hekta 500 don noma ko hekta 5,000 don kiwo. Abin da ya haura haka sai da yardar gwamna. Ka ga ke nan gonarka mai hekta biyu ko uku maganarta a sakatariyar ƙaramar hukumarku take. In ka je, ka tambayi jami'in filaye.

Kada wannan ya tsorata wanda ya gaji gona ba takarda. Dokar ta amince wanda yake noma gonarsa tun kafin 1978 ya ci gaba da riƙonta, haka ma magadansa. Sai dai ranar da rigima ta zo, kai ne za ka kawo hujja, kuma hujjar da ke rubuce ta fi saurin raba gardama.

Yawancinmu abin da muke riƙe da shi takardar ciniki ce mai sa hannun bulama ko mai unguwa, da dagaci, wani lokaci har da hakimi. Takarda ce mai daraja, kada ka raina ta. Amma ka sani dokar ta ce sayar da gonar karkara ko jinginar da ita yana buƙatar amincewar ƙaramar hukuma. Don haka bayan an gama a gidan dagaci, ka ɗauki takardar ka kai sakatariya a shigar da ita, a ba ka lamba.

Ka duba takardar cinikinka yanzu. Akwai sunan maƙwabtan gona na gabas, yamma, kudu da arewa? An faɗi girmanta? An rubuta a fili cewa saye ne, ko jingina, ko aro, ko haya? Yawan shari'ar da ake yi kan gona daga nan take farawa: uba ya ba da jingina, ya rasu, 'ya'yan wanda ya karɓa su ce saye ne. Kalma ɗaya a takarda ta isa ta kashe wannan wutar. Game da girma kuwa, ka nemi malamin gona ya zagaya maka ita da na'urar awo ko wayar hannu, a rubuta da hekta. Hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi. Gamba da itatuwan kan iyaka suna da amfani, amma itace yana faɗuwa, gamba kuma ana tuge ta.

Mutanen Gagarawa da maƙwabtansu sun ga amfanin wannan lokacin da gwamnati ta karɓi dubban hektoci domin noman rake. Doka ta ba gwamna ikon karɓar ƙasa saboda amfanin jama'a, ta kuma yi tanadin diyya kan abin da mutum ya zuba a ƙasar, kamar amfanin gona da gini. A irin wannan rana masu ƙidaya suna bi gona-gona suna rubuta suna. Ka tsaya a gonarka da kanka, ka ga abin da aka rubuta, ka kuma kwafe lambar fom ɗinka.

In takardar tsohuwa ce

Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991 aka ƙirƙiro ta daga jihar Kano. Saboda haka in ka ga takardar mahaifinka da tambarin jihar Kano, kada ka ce ta mutu. Haka kuma lokacin da aka yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976, ƙasar Gumel duka ƙaramar hukuma ɗaya ce, daga baya aka yanki sauran ukun. Kafin nan ma En'e ce ke mulki. Ma'ana, gonar da yau take Sule Tankarkar ko Maigatari tana iya yiwuwa a Gumel aka fara rubuta ta. In ka nema a sakatariyarku ba a gani ba, ka duba shekarar da ke jikin takardar da sunan ofishin da ya buga hatimi, ka bi sawun can. Ofishin hakimi ma wuri ne da ya kamata ka leƙa, don sau da yawa magatakarda yana da littafin cinikin gonaki na gundumar.

Gado da hukuncin kotu

In a kotu aka raba muku gado, ko aka yi shari'ar iyaka, bayanin yana wajen rajistaran kotun da ta yi zaman. Ka je da lambar ƙara, ko aƙalla shekarar da sunayen mai ƙara da wanda aka yi ƙara. Abin da za ka nema shi ne kwafin hukunci wanda kotu ta buga wa hatimi ta sa hannu cewa daidai yake da na asali. Fotokwafin da ka yi a shago bai kai wannan ƙarfi ba.

'Yar'uwa, wannan maganar taki ce musamman. In an raba gadon mijinki ko na mahaifinki, aka ce yayanki zai riƙa noma miki kasonki, babu laifi. Amma ki tabbatar sunanki da girman kasonki suna cikin takardar rabon, ki kuma riƙe kwafinki a ɗakinki. Yau ana zaman lafiya, gobe 'ya'yanki ne da 'ya'yansa za su zauna kan maganar.

Takardun ƙungiya

Dokar ƙungiyoyin gama kai ta ƙasa ta 1993 ta ce aƙalla mutum 10 ne ke kafa ƙungiya ta matakin farko. Daraktan ƙungiyoyin gama kai na jiha ne ke yin rajistar, kuma hanya mafi sauƙi ita ce ku fara da jami'in gama kai da ke kula da yankinku. In satifiket ya ɓata, a nan za ku nemi sabo. Yawanci za a ce ku kawo takardar rantsuwa daga kotu da rahoton ɓata daga ofishin 'yan sanda.

Shawarata ga kowace ƙungiya: shugaba, sakatare da ma'aji kowa ya riƙe kwafin satifiket, da dokokin ƙungiya, da jerin sunayen membobi. A rubuta lambar rajista a shafin farko na littafin taro. In kun sauya shugabanni, ku sanar da ofis a rubuce, don kada banki ya ce wanda ya sa hannu ba shi aka sani ba. Ku kuma kai sunan ƙungiyarku sashen gona na ƙaramar hukuma da ofishin hukumar JARDA, domin in shiri ya zo, jerin da ke hannunsu ake fara dubawa.

Haihuwa, mutuwa da shaidar asali

Takardar haihuwa da ta mutuwa aikin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ne, kuma tana da ma'aikata a kowace ƙaramar hukuma. Katin da asibiti ke bayarwa daban, takardar hukumar daban. Ta mutuwa mutane ba su cika damuwa da ita ba, sai ranar da za a cire kuɗin mamaci a banki. Shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda muke cewa indijin, a sakatariya ake yi, bisa shaidar mai unguwa, dagaci da hakimi.

A nan ga wani tarko da ke kama mutane da yawa. A katin NIN kai Muhammad ne, a banki Mohammed, a jerin ƙungiya kuma Mamman. Mu mun san mutum ɗaya ne, kwamfuta ba ta sani ba, sai ta jefar da sunanka. Ka ɗauki yadda aka rubuta a NIN, harafi da harafi, ka sa shi a kowace takarda.

Burtali da makiyaya

Kafin ka sayi gona a bakin daji ko kusa da hanyar shanu, ka tambayi sashen gona na ƙaramar hukuma ko wurin ya shiga burtali, makiyaya ko gandun daji. Jihar Jigawa tana da hukumar sasanta manoma da makiyaya, ita ma ana tuntuɓarta. Gona mai arha a kan burtali rigima ka saya da kuɗinka.

Yadda za ka shiga ofis

Ka je da rani, bayan an kai amfani gida, ba ranar da aka ce gobe za a rufe karɓar fom ba. Ka yi sammako, tsakanin Litinin da Alhamis. Ka tafi da katin shaidarka, hoto, da fotokwafin duk abin da kake da shi. Takardar asali a nuna ta kawai, kada ka bar ta a hannun kowa.

Ka rubuta buƙatarka, kwafi biyu. Ba sai da dogon Turanci ba, wannan ma ya isa: "Ni wane, ɗan garin kaza, gundumar kaza, ina neman kwafin shaidar mallakar gonata mai lamba kaza, wadda aka bayar a shekara kaza." Ka sa hannu da kwanan wata, ka miƙa a ofishin karɓar wasiƙu, a buga maka hatimin karɓa a kwafinka. In akwai kuɗin da za a biya, ka biya a baitulmali, ka karɓi rasit. Kuɗin da babu rasit, babu wanda zai tuna ka biya. Sannan ka tambayi ranar da za ka dawo da teburin da takardar za ta je.

In aka yi shiru

Akwai Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011. Ta ba kowa damar neman bayanin da ke hannun hukuma ba tare da ya faɗi dalilinsa ba. Ofis yana da kwana 7 ya amsa, yana iya ƙara wasu kwana 7 in aikin da yawa, in kuma zai hana sai ya faɗi dalili a rubuce. Wanda ba ya iya rubutu yana iya sa wani ya nema masa. A 2025 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa dokar ta hau kan jihohi ma, ba tarayya kaɗai ba. Amma ba ta ba ka damar buɗe fayil ɗin sirrin wani ba.

Duk da haka, kada ka fara da barazanar doka. Yawancin jinkiri tarin fayil ne da ƙarancin ma'aikata. Ka koma da kwafinka mai hatimi, ka tuna musu cikin ladabi. In bai yi ba, ka haɗa da kansilan mazaɓarku ko wakilin hakimi. Ƙungiya kuwa ta rubuta da sunanta, an fi saurin sauraron mutum talatin a kan mutum ɗaya.

Aikin wannan mako

Ka fito da duk takardunka yau. Ka rubuta lambar kowacce, shekararta da ofishin da ya bayar a littafi guda. Ka ɗauki hotonsu da waya, ka tura wa ɗanka ko ƙaninka ya ajiye. Na asali ka sa a leda, cikin gwangwani mai murfi, nesa da ƙasa. Wadda ka ga ba ta da lamba, da ita za ka fara zuwa sakatariya. In wani abu ya shige maka duhu, ka tari malamin gonan yankinku ranar da ya zo zagaye, ku duba tare.

Allah ya ba mu damina mai albarka.